Kawu da Sifirin Ƙarya

Kwana uku muka yi muna jera kujeru a bakin titi, daga Magariba zuwa Isha'i, yadda ake zaman makoki a Madina, alhali ba mu wanke gawa ba, ba mu ɗauki makara ba. A Damagaram Kawu ya rasu. Abin da ya iso mana kiran waya ne kawai, shi ma yana yankewa, sai da aka maimaita sau uku kafin Umma ta yarda ta ji.

Maƙwabtanmu Larabawa sukan bi layi, su dafa kafaɗa, su ce "azzamallahu ajrakum", su kurɓi gahawa su wuce. Mutanenmu kuwa zama suke yi, kuma duk wanda ya zauna sai ya tambaye ni, "A Baƙi'a aka sa shi?" Wasu sun san amsar sarai, bakinsu ne ya saba. Duk wanda ya san Kawu ya san maƙabartar Baƙi'a ce burinsa, har tsokanarsa ake yi da ita. In na ce a'a, sai mutum ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ƙasa ita ke kiran nata." Na ji wannan magana har na gaji da ita.

A rana ta biyu wani ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na ce ran Alhamis bayan Magariba. Tsohon direban kamfaninmu, abokin Kawu na shekara da shekaru, yana zaune a gefena. Ya ce, "Daren Juma'a dai. Da zai ji ka ce Alhamis, wallahi sai ya taso ya gyara maka." Ya yi dariya, dariyar ta ƙi tsayawa inda ya so, ya ja gefen hiraminsa ya rufe fuska.

'Ya'yana sun tambaye ni, da Larabci kamar kullum, me ya sa Kawu ya bar Madina tunda yana son ta haka. Na ce musu aiki ne ya ƙare. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi rabin maganar ba, shi ya sa nake rubuta wannan. Da Hausa nake rubutawa saboda shi. In na amsa masa da Larabci yakan yi kamar bai ji ba, sai can ya ce, "Larabcin nan ba inda za shi. Hausar ce ke ɗaure kayanta za ta bar ka."

Kawu yayan Umma ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya ziyarci Madina, ƙafarsa ta ƙi komawa. Dangin mahaifina sun zauna a nan tun zamanin kakanni, don haka ni ɗan ƙasa ne tun ban san sunana ba. Shi kuwa ya yi shekara talatin da 'yan kai a garin yana baƙo, zamansa na rataye da iƙama, takardar izinin zama, ita kuma tana rataye da aikin da yake yi. Ran da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba. Cewa yake yi, "Ban roƙi gida a garin nan ba. Kamu huɗu na roƙa."

Ba da wasa yake ba. A aljihun teburinsa na ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin faya-fayan kwamfuta, akwai likkafaninsa a naɗe cikin leda, ya wanke shi da zamzam tun da daɗewa. Duk ran da ya samu sarari yakan yi salla a Masallacin Annabi, in an fito da gawa ya bi ta har Baƙi'a, ko bai san ta wane ne ba. Direba yakan ce masa, "Kai dai leƙen unguwa kake zuwa yi kafin ka tare." Shi kuma ya ce, "Ai gara maƙwabta su saba da fuskata."

Kamfanin da muka yi aiki na motocin alhazai ne. Manyan bas-bas ne ke kwasar mutane daga masaukansu a Madina, su tsaya a Bi'ir Ali a ɗaura harami, su miƙe Makka. Babu motar da ke tashi sai da kashaf, wato takardar sunayen duk wanda ke cikinta. Da hannu Kawu ya fara rubuta kashaf, sannan da tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofis a shekarun casa'in, ma'aikata suka riƙa kewaye ta kamar an ajiye kunama. Shi ne ya ja kujera, da ƙamus guda biyu da kofin shayinsa, ya zauna a gabanta har ta saba da shi. Kafin shekara ta dubu biyu ta shigo, shi ne mai kula da saba, babbar kwamfutar da ke ɗakin baya wadda duk kashaf ke fitowa daga cikinta. Babu wanda ya koya masa. Wayar hannu kuwa ya ƙi riƙewa har ya bar ƙasar, wai mutum ba akuya ba ne da za a rataya masa ƙararrawa.

Ni na zo daga baya, da takardar shaidar karatu daga Yanbu da girman kai daidai gwargwado. Mudir, shugaban ofishin, ya ce an ɗauke ni ne in taimaka wa Kawu. Kowa ya san ma'anar taimakon, har shi. Amma ranar farko ya tashi ya ba ni kujerarsa da ke kusa da na'urar sanyaya ɗaki, ya ce ƙashinsa ba ya son sanyi. Sai daga baya na lura da yadda yake share gumi a kusurwar da ya koma.

Dole in ɗan yi bayanin aikin, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. A cikin saba akwai hidimomi, manhajojin da ke aiki dare da rana, kamar mai ajiye sunaye da mai buga takarda. Kowace hidima tana da ɗan rubutun umarni da ke tayar da ita ya kuma tsayar da ita. Akwai kuma manhajar da ke shigo da sababbin ƙunshin manhajoji ta fitar da tsofaffi, Kawu yana kiran ta Ma'aji. In Ma'aji zai sauya wata hidima, sai ya ce wa rubutunta ya tsayar da ita, ya jira amsa. In amsar sifiri ce, lafiya ke nan, sai ya ci gaba. In wata lamba ce, sai ya tsaya cik a inda yake, ko da ya kwance rabin kaya a tsakar ɗaki, kuma ba zai sake taɓa komai ba sai an warware. Kawu yana son Ma'aji saboda wannan hali. "Shi kaɗai ne a kamfanin nan ba ya cewa 'tamam' sai in tamam ɗin ne," in ji shi.

Abin da ban sani ba shi ne, shekarun baya Kawu ya ƙara 'yan layuka nasa a rubutun hidimar sunaye. Ya sa ba za ta tsaya ba sai ta rufe rajistar ranar, don kada kashaf ko guda ya ɓace. Tunani ne mai kyau. Amma rana a wajen Kawu da faɗuwar rana take farawa, yadda ya tashi ya ga ana ƙirga kwanan wata. Ya zauna ya shigar da lokutan Magaribar Madina na shekara guda cur da hannunsa. Da an kira salla, a lissafin saba an shiga sabuwar rana. Sabuwar rajista kuma ba ta buɗe kanta. Shi ne zai dawo daga masallaci, ya ajiye takalmi, ya yi bisimilla, ya buɗe ta. Na sha ganin yana yin haka, na ɗauka al'adar tsofaffi ce kawai. Tsakanin kiran salla da dawowarsa akwai rabin awa da saba ba ta da rajista, amma wa ke taɓa kwamfuta a lokacin? Kowa yana sahu. Shekaru suka wuce ramin yana nan, ba wanda ya taka.

Ni na taka shi, a watan Zulƙida, lokacin da alhazai suka cika gari. An aiko cewa a sauya tsarin kashaf, sabon tsarin kuma yana bukatar sabunta manhajoji. Mudir ya matsa. Kawu ya ce a bari sai da safe yana nan. Ranar da La'asar aka ce wani alhaji ɗan Nijar ya rasu a masauki, ba shi da kowa a tawagar, Kawu ya ɗauki hularsa ya tafi. Na yi Magariba a ofis ni kaɗai, na duba na ga motocin yamma ba za su tashi ba sai bayan awa guda. Na ce aikin minti goma ne. Gaskiyar magana, so nake ya dawo ya tarar na gama.

Ma'aji ya fara aiki lafiya. Ya tsayar da hidimar buga takarda, ya kwance ƙunshi wajen ashirin, ya iso hidimar sunaye. Sai ya tsaya. A allon akwai dogon ƙorafi da Turanci, a tsakiyarsa kuma layi guda da Hausa, da manyan baƙaƙe: BA A BUDE YAU BA.

Na sake gwadawa, amsa ɗaya. Na ce ya mayar da tsofaffin, ya ƙi. Na ce ya tayar da mai buga takarda, ya ce kayanta a kwance suke. Na san dabarar da ake yi, duk mai wannan aiki ya san ta: a buɗe rubutun, a sa layi guda a samansa da zai amsa sifiri ko me aka tambaye shi, Ma'aji ya yarda ya wuce. Na buɗe, na ɗora yatsa, na kasa. Ban san me zai faru da sunayen mutanen da aka shigar tun safe ba in aka sauya hidimar tana tsakiyar aiki. Motoci goma sha ɗaya suna jere da tsofaffi a ciki, wasu sun yi wanka sun ɗaura zanen harami tun daga masauki, suna jiran niyya kawai. Direbobi suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Mudir yana tsaye a kaina yana cewa, "Fen kawun naka? Ina yake?" Mutumin da ba shi da waya, a ina za a same shi?

Sai bayan Isha'i ya shigo, ƙurar Baƙi'a a takalminsa. Ya dubi allon, bai dube ni ba. Ya ajiye takalmi, ya yi bisimilla, ya buɗe rajistar ranar, ya ce wa Ma'aji ya ci gaba. Kafin shayinsa ya huce takardu sun fara fitowa. Amma motoci sun yi awa uku a tsaye, wakilin alhazan ya kai ƙara, mudir ya ce yana son bayani a rubuce da safe.

Washegari na yi sammako, na tarar Kawu ya riga ni, yana karanta rubutun nasa layi-layi. Na rufe ƙofa.

"Kawu, ba wanda ya san karatun wannan abu a kamfanin nan sai ni da kai. Mu sa sifiri a sama, mu share layukanka. In rubuta cewa sabon ƙunshin ne ya zo da matsala daga waje. Halas, shi ke nan."

"Shi ya zo da ita?"

"A'a. Amma wa zai bincika?"

"Wanda ya rubuta ƙunshin nan yana wata ƙasa, bai san ni ba, ya yi aikinsa daidai, ya ba mu kyauta. In ɗora masa?"

"Ba zai taɓa ji ba, Kawu. Iƙamarka saura wata biyar. Ka san mudir dalili yake nema."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Na sani, ɗana. Jiya a Baƙi'a nake, na ga wurin. Amma ka duba, shekara nawa ina yabon Ma'aji don ba ya karɓar ƙarya, yau in koya wa rubutuna ya yi masa ita? Ba zan shiga Baƙi'a da sifirin ƙarya ba."

Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne, kuma ba shi kaɗai zai sha wahalarsa ba. Ya bar ni na gama, ya ce in miƙo masa takalminsa.

Tare muka shiga wajen mudir. Kawu ya yi bayani da Larabcinsa na littafi, a hankali, har da zane a takarda. Ya ce ramin shi ya haƙa shi. Mudir ya juyo ya dube ni. A nan ne ya kamata in ce ni na danna, an ce in jira safe na ƙi. Ni ɗan ƙasa ne, mafi munin abin da za a yi mini faɗa ne da takardar gargaɗi. Maganar tana bakina. Kafin in haɗiye yawu Kawu ya ce, "Yaron ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Kayan aiki ne bai kamata su ci amanarsa ba." Na yi shiru, kuma na ji daɗin shirun a lokacin. Wannan ne abin da ban gaya wa 'ya'yana ba.

Mudir ba mugu ba ne. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya gode masa. Bayan hajji ya kira shi ya ce shekarunsa sun haura sittin, an matsa musu a kan yawan baƙi, ba za a sabunta iƙama ba. Na koma wajen mudir ni kaɗai na faɗi abin da ban faɗa ba. Ya saurare ni, ya ce takarda ta riga ta tafi. Muka nemi wani kafili, mai ɗaukar nauyin iƙamarsa, a gonakin dabino na Al-Awali, muka nemi wani a kasuwa, kowa ya ji shekarun sai ya ce Allah ya sauwaƙe.

Umma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Shi ma bai tsira ba. Na ji ta tana ce masa, "Yaya, gaskiyar da za ta fitar da kai daga garin Manzo, wace irin gaskiya ce?" Ya ce, "Irin wadda aka zo garin dominta." Ta ce ai sai ya ci ta, ta tashi ta bar masa ɗakin. Da daddare kuma ta aika masa da tuwo.

Watannin da suka rage a kan rubutun ya ƙarar da su. Ya sa rajista tana buɗe kanta. Ya sa in an ce wa hidima ta tsaya ta tarar ba rajista, ta buɗe, ta rufe, sannan ta amsa sifiri na gaskiya. Ya sa ni na gwada a kowane lokaci, har ana cikin kiran salla, abin da bai so ba amma ya ce dole. Na ce tunda ana gyara, a mayar da farkon rana tsakar dare kamar sauran duniya. Ya ce wannan ba ya cikin kuskuren. "Lissafina daidai ne. Kuskurena, na rubuta shi kamar kullum zan dawo daga masallaci."

Ranarsa ta ƙarshe ya dawo daga Magariba, ya ajiye takalmi, ya ja kujera, ya tarar rajista a buɗe. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya jawo aljihun ƙasa, ya fito da ledar nan ya miƙo mini.

"Wannan na nan ne, ba zan kai shi wani wuri ba. In baƙo ya rasu ba shi da kowa, ka bayar."

Na karɓa, ban bayar ba. Na sa shi a saman durowar ɗakina, ina gaya wa kaina zai dawo umra, Allah kuma mai iko ne. Shekara uku ina cika masa takardu, shekara uku ƙafarsa tana kumbura, likita yana hana shi tafiya. Duk kiran da zan yi masa, bayan gaisuwa sai ya ce, "Tana buɗewa?" In ce tana buɗewa. "Ita kaɗai?" In ce ita kaɗai. Ya ce to madalla. Bai taɓa tambaya ta ledar ba, ni kuma ban taɓa ɗaga maganar ba.

An ce sun sa shi a bayan gari, cikin rairayi, kusa da mahaifiyarsu. An ce jama'a ta taru. Na yarda, amma ban gani ba, kuma na gaji da ƙoƙarin hango wurin.

Da muka naɗe kujeru a rana ta uku, tsohon direba ya ce mini wani ɗan umra ya rasu a asibiti, dattijo ne daga wajen Maraɗi, ba a samu kowa nasa ba. Na hau kujera na sauko da ledar. Da safe na kai ta wajen masu wanka, suka ce ai suna da nasu, na ce amana ce, suka karɓa. Bayan Azahar aka sallace shi. Na bi makarar, na samu gefe na sa kafaɗa, har cikin Baƙi'a. Ban san sunan mutumin ba, ban ga fuskarsa ba. Yadin kawai na sani, har da inda naɗin shekaru ya bar masa layi. Na tsaya har aka rufe, na zuba ƙasa sau uku.

Allah, Kai ka san inda ya so ya kwanta, Ka kuma san abin da ya hana shi. Ka yalwata masa inda yake, Ka tashe shi tare da maƙwabtan da ya yi shekaru yana zuwa gaisarwa. Ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi.